2.3 Sharuɗɗan Tsayawa Takarar Shugaban Ƙasa da Inda Ake Binciko Su

Sashe na 131 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga mai neman shugabancin ƙasa. Wajibi ne ya kasance haifaffen ɗan ƙasa, ya cika shekarun da aka ƙayyade, jam'iyyarsa ta tsayar da shi, sannan ya yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa.

Wannan "makamancinsa" shi ne inda gardama take. Sashe na 318 ya faɗaɗa ma'anarsa har ta haɗa da takardar malanta mai daraja ta biyu, kai har da takardar firamare idan an cika wasu ƙa'idoji. Ƙarar da aka kai Muhammadu Buhari a 2019 ta taɓo wannan batu, kotu kuma ta ce ya cancanta.

Saboda haka ɗalibin Ruwan Godiya da ya bi ta Funtuwa zuwa Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya sai ya lura da shekarar bugun da ya ɗauko. Tsofaffin kwafi suna cewa shekara 40, alhali gyaran 2018 ya mayar da ita 35.