Tobo a Injin A-kori-kura: Kulawa da Iyakar Ƙara Masa Ƙarfi

Injin mota yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona mai a cikin iska, kuma yawan man da zai iya ƙonawa ya rataya ne a kan yawan iskar da ta shiga cikinsa. Na'urar da kanikawa ke kira tobo aikin zugazugin maƙeri take yi wa inji, sai dai ita ba hannun mutum ke zuga ta ba: hayaƙin da ke fita zuwa salansa ne yake juya wata 'yar farfela, wadda ke haɗe da wata farfelar ta biyu a kan sanda ɗaya, ita kuma ta biyun ta matsa iska ta cusa wa injin. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905, kuma a yau ita ce ta sa ƙaramin injin dizal mai lita 2.8, irin wanda kamfanin Toyota ya fara sa wa Hilux a 2015, yake jan kayan da a da sai babban inji.

Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da ke kai ɗaruruwan digiri, kuma abin da ya raba ta da gogar ƙarfe shi ne siririn baƙin mai da ke kewaye da ita. Saboda haka rayuwar tobo a hannun baƙin mai take, kuma man da ya daɗe, ko na jabu, ko wanda kaurinsa ya saɓa wa abin da littafin mota ya tanada, yana cinye na'urar tun kafin sauran injin ya nuna wata alama. Direban da ya taso daga doguwar tafiya da kaya ya kashe inji nan take, ya tsayar da gudanar mai alhali na'urar tana kan zafinta, sai man da ya rage a ciki ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanyarsa. Barin inji yana aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu yana hana wannan, haka ma haƙuri da totur da safe har mai ya zagaya yana kare na'urar.

A ƙasar Hausa, inda hunturu ke cika sararin sama da ƙura, matatar iska ta kusan kai baƙin mai muhimmanci, domin ƙwayar rairayi da ta tsallake ta tana cin bakin farfela kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa. Al'adar busa tsohuwar matata da iskar famfon faci, wadda ake yi da niyyar tattali, takan yaga takardar ta yadda ido ba ya gani, kuma asarar da ke biyo baya ta ninka kuɗin sabuwa. Game da alamun matsala kuwa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna cewa mai na zuba cikin inji, baƙin hayaƙi tare da raguwar ƙarfi yakan nuna cewa iska na tsiyaya daga wani tiyo, ƙara mai kama da jiniya kuwa alama ce ta farfela ta fara taɓa gidanta. Idan yoyon mai ya yi tsanani, injin dizal yana iya koma wa ƙona baƙin mansa, ya yi ta hauhawa ko an zare makulli, kuma hanya mafi tabbas ta tsayar da shi ita ce a toshe masa hanyar iska.

Game da ƙara ƙarfi kuwa, hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce sauya lissafin kwamfutar da ke sarrafa inji, domin ta ƙara yawan dizal da matsin iska. Ƙarfin yana ƙaruwa da gaske, amma zafin hayaƙi ma yana ƙaruwa, kuma nauyin yana faɗawa ne a kan abin da ya fi rauni, wanda sau da yawa kuloci ne, wani lokaci kuma fistin ɗin da aka ƙera da alminiyom. Wanda ya san aiki yakan fara da faɗaɗa na'urar sanyaya iska, wato wani irin lagireto da ke rage zafin iskar da tobo ya matsa, sannan ya sa ma'aunin zafin hayaƙi a gaban direba, kafin ya taɓa kwamfuta. Cire na'urorin rage gurɓataccen hayaƙi, wanda dokar tsaftar iska ta Amurka ta haramta, yana ƙara toka da gubar da masu tafiya a bayan motar ke shaƙa, sa manyan tayoyi kuma yana nauyaya wa giya da birki musamman a motar da ake loda wa kaya fiye da kima.