Cikar Rumbu Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka tun bayan farin da ya auka wa jihohin Arewa daga 1972 zuwa 1974, gwamnatocin Nijeriya suka ɗauki samar da abinci a kan babban aiki. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka kuma kafa hukumomin raya koguna domin noman rani. A 1980 wani shirin bunƙasa noma ya biyo baya. Manufarsu ɗaya ce, watau a ƙara yawan hatsi.

To, amma bincike ya nuna cewa ana iya cika rumbu, yara kuwa ba su sami abin da zai gina jikinsu ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa yara 37 cikin 100 waɗanda ba su kai shekara 5 ba sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma, inda ake noma hatsi da yawa, adadin ya kai 57 cikin 100.

Mene ne dalili?

Babban dalili shi ne talauci a karkara. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Abuja a 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma a ƙauyuka abin ya shafi 72 cikin 100. Da kaka ta yi, manomi yakan sayar da wakensa da gyaɗarsa da araha don ya biya bashi. Abin da ya ajiye kuma ƙwari su ɓata. Kafin damina ta yi nisa, ba abin da ya saura wa yaro sai tuwo da kunu zalla. Masana sun tabbatar cewa daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2 ne jiki da ƙwaƙwalwa suka fi ginuwa, kuma abin da ya rasa a wannan lokaci da wuya a mayar masa.

Me aka yi?

Tun 1993 doka ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri domin maganin maƙoƙo. A 2002 aka wajabta sa bitamin A a fulawa da sukari da man girki. A 2011 aka fitar da rogo mai launin rawaya wanda ke ɗauke da wannan bitamin. A 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin waken da tsutsa ba ta huda kwansonsa. Akwai kuma buhu mai ninki uku wanda ke adana wake ba tare da magani ba. Sa'an nan a watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan samar da abinci.

Aikin mai gida da uwargida

Duk wannan ba zai yi amfani ba sai ya shiga tukunya. Don haka a kula da waɗannan:

1. Kada a sayar da wake da gyaɗa duka. A ware rabon yara tukuna.
2. A shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6.
3. Bayan haka a riƙa haɗa masa kunu da gyaɗa ko waken soya, a sa zogale da manja a miya.
4. Mai juna biyu ta riƙa zuwa awo, yaro kuma a kai shi a gwada nauyinsa.
5. A nemi shawarar malamin gona game da iri da ajiya.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ciyar da kyau yau, shi ne zai riƙe gona da ƙasa gobe.