Ingilishin da mai kek ke bukata a Matameye

Mace mai sana'ar kek da cincin a Matameye da harshe uku take aiki, ko ta lura ko ba ta lura ba. Ciniki da Hausa take yin sa. Bokon da ta yi, da Faransanci ta yi shi, shi ya sa bakinta ya fi sabawa da kiran kek gato. Amma yawancin kayan haɗinta, irin su bota da filebo da madarar gwangwani, daga Najeriya suke fitowa, wasu tun daga kasuwar Singa ta Kano, su biyo ta Daura, su ƙetare Kwangwalam da Ɗan Barto, kuma rubutun jikinsu yawanci Ingilishi ne. Bidiyon girkin da ake turo mata ta WhatsApp ma matan Kano da Kaduna ne ke yi, ana cikin Hausa sai a jefo Ingilishi ba sallama. Ga shi kuma tun watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Masu son koyon Ingilishin girki sukan fara da haddar sunayen kaya: ƙwai, sukari, gishiri, man gyaɗa. Ni a ganina wannan ɓata lokaci ne, domin ido ma ya isa ya gaya miki ƙwai ne a hannun mai girkin. Inda ake tafka asara shi ne wajen awo, da wajen aikin hannu, da kuma kayan da suka yi kama da juna.

A fara da awo. Mu da tiya da gwangwani muka saba, ƴan boko kuma da giram. Littattafai da bidiyon Amurka da kofi suke awo, kuma cup ɗinsu ba kowane kofin shayi ba ne, ma'auni ne da ke cin kimanin mililita 240. Cikinsa na fulawa giram 120 zuwa 125 ne, na sukari kuwa giram 200, saboda sukari ya fi nauyi. Sai cokula biyu da aka taƙaita sunayensu har suka kusa zama ɗaya: tsp ƙaramin cokali ne mai mililita 5, tbsp babba ne mai mililita 15. Harafi guda ya raba su, amma na biyun ya ninka na farkon sau uku. Wadda ta zuba gishiri da babba inda aka ce ƙarami, ranar ko ƴaƴanta ba za su taya ta cinye kek ɗin ba.

Babban tarkon shi ne baking powder da baking soda. Duka farin gari ne, duka suna sa kwaɓi ya tashi, kuma mai shago kan miƙo wanda hannunsa ya fara kaiwa. Na farkon shi ne levure chimique da ake sayarwa a ƙananan fakiti, an riga an haɗa masa sinadarin tsami a cikinsa, danshi da zafi kawai yake jira. Na biyun shi ne bicarbonate, ya fi ƙarfi kusan sau uku, kuma ba ya aiki sosai sai ya gamu da abu mai tsami kamar nono ko lemon tsami. In babu tsamin, ko aka cika hannu, kek ya yi duhu, ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a gidajenmu. Duk tsohuwar da ta taɓa zuba ruwan kanwa a ƙullun waina don ta kashe tsami, ta ga yadda yake kumfa, ta san aikin, domin kanwa danginsu ɗaya da wannan garin. Yis kuwa daban yake, abu ne mai rai, sai an ba shi ɗumi da lokaci, na burodi da fanke ne.

Madarar gwangwani ma iri biyu ce. Evaporated ita ce mai ruwa-ruwa marar sukari, irin Peak. Condensed ita ce mai kauri da zaƙi da masu shayi ke tsiyayawa a kofi. In an musanya su, lissafin sukarin gaba ɗaya ya rushe.

Aikin hannun ya fi komai cancantar a tsaya a kai, don shi ne kwarin sana'ar. Idan aka ce cream, ana nufin a buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, a ga sun ƙaru a cikin kwano, saboda iskar da aka cusa musu ita ce za ta ɗaga kek ɗin. Beat da whisk bugu ne da ƙarfi, da maburgi ko na'ura, kamar yadda ake yi wa ƙwai. Fold kishiyarsu ne: a sa ludayi ko cokalin katako a ɗebo daga ƙasan kwano a kifo sama, a hankali, har fulawa ta ɓace, sai a ɗaga hannu. Da yawa a nan suke faɗuwa. Sun saba da tuƙin tuwo, sai su kama kwaɓin da ƙarfin damtse, iskar ta fice, fulawa ta yi danƙo, kek ya fito a cure. Knead murzawa ce irin ta cincin da dubulan, sift tankaɗe ne da rariya, grease kuma shafa mai a gwangwani kafin a zuba kwaɓi. Kowanne daga cikinsu hannun macen Damagaram ya iya shi tun wajen haɗa alkaki da nakiya na garar amarya. Sunan ne kawai sabo, shi ya sa ya fi zama a kai idan ana faɗinsa ana aikatawa, maimakon a rubuta a littafi a ajiye. (Ƴar kwaleji da ke gidan, wadda ake koya wa Ingilishi a aji, a nan ne amfaninta zai fito, in an iya raba ta da waya.)

Saura wuta. Za a ga an rubuta 350°F, mai injin gashi ta duba nata ta ga lambobinsa ba su ma kai nan ba. Ma'aunin Amurka ne, daidai yake da kusan 180 a namu. Lissafin shi ne a cire 32, a ninka da 5, a raba da 9. Preheat kuma na nufin a ɗumama wurin gashin kafin kwaɓi ya shiga, kuma wannan ya shafi har mai gashi da gawayi, wadda ita ce mafi yawa a gari da ƙauyukan kewaye. A zuba yashi mai tsabta a gindin tukunya, a rufe, a bar shi ya ɗauki zafi kamar minti goma, sannan a jera gwangwanayen, a ɗora ɗan garwashi a kan murfi don sama ta gasu. Kada a buɗe da wuri, iska mai sanyi na sa tsakiyar kek ta lotsa. In ƙamshi ya tashi, a soka tsinke a tsakiya. Idan ya fito a bushe, a sauke.