Sawun Mai Amfani: Yadda Ake Gyara Manhaja da Bayanan Jama'a

1.0 Gabatarwa

Makiyayi yakan gane inda garkensa ya bi ta hanyar sawu. Haka ma duk wanda ya buɗe manhaja a waya ko kwamfuta yakan bar sawu: maɓallin da ya taɓa, daɗewar da ya yi a shafi, da wurin da ya gaji ya fita. A wannan takarda za mu duba yadda masu tsara manhaja suke karanta wannan sawu, da amfaninsa, da kuma inda yake ɓatar da su, musamman a kan abin da ya shafi rubutun Hausa.

2.0 Gwajin A da B

Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda ake kira gwajin A da B. Ana raba masu amfani gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko a nuna musu tsohon tsari, wato A, kashi na biyu kuma sabon tsari, wato B. Daga nan sai a ƙirga a ga wane kashi ya fi aikata abin da ake nema, kamar yin rajista ko sayen kaya. Dalilin ƙuri'ar shi ne kada ya zamana, alal misali, matasa sun taru a kashi ɗaya, tsofaffi a ɗayan. In an raba su haka kawai, to bambancin da aka gani daga tsarin ya fito.

Wannan dabara ta girmi intanet. A shekarun 1920 masanin lissafi Ronald Fisher ya inganta ta a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, inda ake rarraba taki da iri a kan filaye ta hanyar ƙuri'a.

3.0 Misalai biyu

A shekarar 2007 masu yaƙin neman zaɓen Barack Obama a Amurka sun gwada fuskar shafinsu na intanet. Sun haɗa maɓallai iri 4 da hotuna da bidiyo iri 6, wanda ya ba da tsari 24, suka nuna wa mutum sama da 300,000. Ma'aikatan sun fi son bidiyo, amma duk bidiyon suka zo a bayan hotuna. Hoton Obama da iyalinsa ne ya yi nasara, ya ɗaga yawan masu rajista daga kimanin kashi 8 cikin 100 zuwa fiye da kashi 11. Darasin nan shi ne, ra'ayin gwani ma yana bukatar gwaji.

A 2009 kuma wani babban mai zane na Google, Douglas Bowman, ya bar aiki. Cikin abin da ya koka da shi akwai gwada launin shuɗi iri 41 don a zaɓi ɗaya. A ganinsa, lissafi ya danne basira.

4.0 Inda sawu yake yaudara

Bayanai suna nuna abin da mutane suka yi, amma ba sa faɗin dalili. Mu ɗauki haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Shekaru da dama yawancin wayoyi ba su da su, saboda haka Hausawa suka saba rubuta b, d, k a madadinsu. Wanda ya tara waɗannan rubuce-rubuce ya ƙirga zai iya cewa Hausawa ba su damu da lanƙwasa ba, ya tsara allon rubutu da ke ɓoye ta, ko mai gyaran kalma da ke goge ta. Sai mutane su ƙara barin ta, sabbin bayanai kuma su ƙara tabbatar da kuskuren. Alhali ɗalibi ya san kafa ba ƙafa ba ce, daka ba ɗaka ba ce, bari kuma ba ɓari ba ne. Maganin wannan shi ne a haɗa ƙirga da tambaya: a zauna da masu amfani, a kalli yadda suke rubutu, a ji abin da ya hana su.

5.0 Haƙƙin mai sawu

A watan Janairu na 2012 Facebook ya sauya abin da mutum kusan 689,000 suke gani har mako guda, don a ga ko labaran daɗi ko na baƙin ciki suna shafar abin da suke rubutawa. Da aka buga sakamakon a 2014, an yi ta suka domin ba a nemi izininsu kai tsaye ba. Ƙasashe da dama sun kafa dokar kare bayanan mutum: Nijar a 2017, Nijeriya a 2023, ita kuwa Tarayyar Turai tata ta fara aiki a 2018.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa bayanan masu amfani suna gyara zaton mai tsara manhaja, amma ba sa fassara kansu. Fassarar tana bukatar wanda ya san harshen da mutanen. A nan ɗalibin Hausa yake da aiki, domin shi zai gane cewa rashin lanƙwasa a rubutu alama ce ta allon da bai wadatar ba.