Matsalar Sunayen Hatsi Wajen Zaɓen Manhajar Lissafin Sinadaran Abinci: Misali Daga Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kafa hukumar NAFDAC a shekarar 1993, duk mai son ƙunshe abinci a leda ko kwalba ya sayar sai ya yi masa rajista, ya kuma rubuta abin da ke ciki. Masu sarrafa garin acca da tamba da citta a Kafanchan da kewayenta ba duka ke da halin kai samfuri ɗakin gwaji ba, shi ya sa manhajar kwamfuta mai yin lissafin ke da amfani gare su. Wannan maƙala za ta nuna cewa zaɓen irin wannan manhaja batu ne na harshe kafin ya zama na na'ura.

2.0 Yadda Manhajar Ke Aiki

Manhaja ba ta gwada abinci. Jadawali ne a cikinta mai ɗauke da sinadaran kowane giram 100 na abinci. Idan aka ba ta suna da nauyi, sai ta ninka, ta tara. Ƙarfin abinci kuwa da tsarin Atwater ake fitar da shi: kalori 4 ga kowane giram na furotin ko sitaci, 9 ga na mai. Wannan lissafi ba ya bambanta wata manhaja da wata. Jadawalin ne ke bambanta su.

3.0 Gero, Dauro da Tamba

A kasuwar Kafanchan, inda Hausa ce harshen ciniki tsakanin masu Jju da Tyap da Hyam da sauransu, babu mai rikita gero da tamba. Turanci kuwa yakan haɗa su a ƙarƙashin kalmar "millet". Gero da maiwa da dauro jinsi ɗaya ne, wato Pennisetum glaucum, don haka haɗa su bai yi ɓarna sosai ba. Tamba, Eleusine coracana, daban take: sinadarin kalsiyam da ke cikin giram 100 nata ya haura miligiram 300, na gero kuwa bai kai 50 ba. Mai garin kunun tamba da ya zaɓi "millet" kawai ya shafe babban abin da ya kamata ya tallata, ya kuma ruɗi uwar da ke saye domin yaye. Haka acca da iburu, waɗanda "fonio" ke haɗiyewa.

Saboda haka abin da za a fara tambaya shi ne, jadawalin wace ƙasa manhajar ta ɗauko? Na ma'aikatar gona ta Amurka yana da faɗi, amma ba don kasuwar Kachia aka tsara shi ba. Wanda FAO ta fitar domin Afirka ta Yamma a 2012, aka faɗaɗa shi a 2019, ya fi kusa, ga shi kuma yana kawo sunan kimiyya, wanda shi ne gadar da ke tsakanin harsunan. Manhajar da ba ta barin a shigar da sabon abinci da sunansa na gida ba ta cancanci kuɗinta ba.

Akwai kuma batun awo. Mudu da tiya da gwangwani cika suke aunawa, ba nauyi ba, kuma mudun acca da na busasshiyar citta ba nauyinsu ɗaya ba. Dole a ɗora kowanne a kan sikeli kafin a taɓa na'ura.