Ciwon haƙori ya lafa? Kada a yi saurin murna

Na sha jin 'yan'uwa a zango suna cewa, "Ai na sa kanumfari, ciwon ya tafi." Ni kam wannan magana tsoro take ba ni.

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan nama mai laushi, cike da hanyoyin jini da jijiyoyi. Idan haƙori ya rube har ƙwayoyin cuta suka isa wurin, jijiyoyin ba sa tsayawa ga kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa. Suna fitar da wasu sinadarai, musamman sabstans P, wanda aka gano a 1931, da kuma CGRP. Su ne ke buɗa hanyoyin jini, ruwa ya tsattsafo, naman ya kumbura. To ina kumburi zai je, alhali bango mai tauri ya kewaye shi? Sai matsi ya ƙaru. Jijiyoyin su yi sababbin rassa, sinadaran su ƙara yawa, har kurɓar shayi ta zama azaba. Ko allurar kashe zafi ta likita takan ƙi kama irin wannan haƙori sosai.

Kanumfari yana dusashe zafin na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma ramin yana nan. Wani lokaci ma shirun na nufin naman ya mutu, cutar kuma ta gangara saiwa, ta doshi ƙashin muƙamuƙi. Idan kunci ya kumbura, zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta fara wuya, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.