Tsohuwar Rikodar Mota Da Wayar Hannunki: Yadda Ake Ɗaura Musu Aure

Yau ba zancen girki ko kwalliya na zo muku da shi ba, zancen mota ne. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Mu ina ruwanmu da mota, ai wannan harkar maza ce." Yi haƙuri 'yar uwa ki bi ni a hankali, domin kuwa a cikin motar nan ake mayar da ke makaranta, a ciki ake kai amarya, kuma a cikinta ne asirin budurwa kan tonu ba tare da ta shirya ba.

Duk wadda ta saba bin hanyar nan da ta tashi daga Kano ta yi kudu, ta bi ta gefen Bebeji, ta karya a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore har ta dangana da Doguwa, ta san abin da ke faruwa da rediyon mota. Kuna barin gari ana jin Freedom Radio a kan 99.5 tangaran, kamar mai maganar yana zaune kusa da ke. Tafiya na yin nisa sai murya ta fara shaƙewa, kafin ku shiga Falgore, wajen kilomita 150 daga birni, sai shuuu kawai kamar ana tuyar ƙosai. Ba lalacewa rediyon ya yi ba. Ita tashar FM a miƙe take tafiya kamar hasken tocila, nisa yana rage mata ƙarfi, tudu da duwatsu kuma suna tare ta, balle a ce kun doshi tsaunukan Riruwai. Daga nan sai a yi jugum-jugum, yara su fara rigima, direba ya fara hamma.

A da can maganin wannan kaset ne. Direba ya jefa Shata ko Ɗan Maraya Jos, in mata ne a ciki a nemi Barmani Choge, in da dattijo a gaba a sa karatun Alƙur'ani, har a isa. Yanzu kaset ya zama tarihi, hasali ma a Amurka ɗaya daga cikin motocin ƙarshe da suka fito da rikoda mai kaset daga kamfani ita ce Lexus SC430 ta shekarar 2010. To amma motocin da ke jigilarmu fa? Golf 3 ce da aka ƙera tsakanin 1991 da 1997, da Sharon, da Peugeot 406, da tsofaffin Honda da Toyota. Rikodarsu ba ta san wani abu wai shi waya ba, alhali waƙoƙinki da wa'azinki da littattafan da ake karantawa duk suna cikin wayar. Ga amarya ga ango, an rasa waliyyi.

Abin farin ciki shi ne ba sai an cire rikodar an yar ba. Kafin a kashe ko sisi, ki fara duba fuskarta da kyau. In kika ga wani ɗan ƙaramin rami irin na abin sauraro na kunne, an rubuta AUX a gefensa, to ke kam kin huta. A wasu motocin ramin yana ɓoye ne cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba. Igiya mai kai biyu, mai faɗin milimita 3.5, ita kaɗai za a saya. Sai dai ki duba wayarki ita ma ko tana da ramin, don tun daga iPhone 7 ta 2016 kamfanoni da yawa suka daina yin sa, ko da yake akasarin Tecno da Itel da Infinix da ke hannunmu suna da abinsu.

In babu wannan rami amma wurin sa kaset yana aiki, akwai wani kaset na ƙarya mai jela. Siffarsa ta kaset ce sak, amma babu zare a cikinsa, sai wani ɗan ƙarfe da ke haɗa baki da kan rikodar da ke karanta kaset, ya hura masa sautin da ke fitowa daga waya ta cikin jelar. Ita rikoda a zatonta kaset take ci. Wallahi dabarar tana burge ni, kuma sautinsa yakan fi na dabarar da zan faɗa a gaba tsabta. Matsalarsa ƙura. Motar da ta shekara tana shan hunturun Tudun Wada ba a taɓa sa mata kaset ba, sai an goge kan da auduga da ɗan sifirit kafin murya ta fito. Wata rikodar kuma, mai juya kaset da kanta, sai ta yi ta ƙas-ƙas tana juya shi ko ta tofo shi waje. In ta yi haka a gwada wani, in ta sake a haƙura da ita.

Wadda ta fi yawa a hannun direbobinmu ita ce 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari, wadda masu shago ke kira MP3 ta mota. Ana samunta a kasuwar waya ta Farm Centre da Sabon Gari a Kano, kuma kuɗinta bai kai na leshi mai kyau guda ba. Ita wannan ƙaramin gidan rediyo ce sukutum. Tana karɓar sauti daga wayarki ta Bluetooth, ko daga memori ko filash da aka soka mata, sai ta watsa shi a kan zangon FM iya tsawon 'yan taku kaɗan, rediyon motar ya kama kamar yadda yake kama kowace tasha. Aikin kawai shi ne a sa lamba ɗaya a jikinta da jikin rediyon.

A wajen zaɓen lambar nan ne mutane ke yin kuskure, su dawo suna zagin mai shago. Dole a nemi lambar da babu wata tasha a kai, inda rediyo ke shuuu zalla, tsakanin 87.5 da 108. A cikin Kano tashoshi sun yi yawa, gidan da babu kowa yana da wuyar samu, shi ya sa za ki ji waƙarki tana kokawa da muryar wani mai sanarwa. Da kun wuce Kwanar Ɗangora kuwa sai fili ya samu, sautin ya washe. Wato dai inda rediyo ke mutuwa, nan ita take jin daɗin aiki. Sannan in motar daga Amurka aka shigo da ita, rediyonta tsallake yake yi, 88.1 sai 88.3 sai 88.5, ba ya tsayawa a 88.2, don haka a zaɓi lambar da zai iya takawa. Ƙarar wayar kuma kada a kai ta ƙarshe, a bar ta wajen kashi uku cikin huɗu, a riƙa ƙarawa daga rikoda, in ba haka ba sai murya ta fashe kamar tsohuwar lasifikar masu tallan magani. In an isa gida a zare ta, domin a wasu motocin ramin sigarin ba ya mutuwa ko an cire makulli, in batir mai rauni ne kuma mota ta kwana biyu a ajiye, da safe sai turi.

Akwai wata hanyar da ta fi duka waɗannan kyawun sauti, amma ita sai an kira mai gyara. Yawancin rikodojin kamfani na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000 suna da wata kafa a bayansu da aka tanada don akwatin faifan CD mai cin shida. Ana sayar da wani ɗan akwati da ake sokawa a wannan kafa, ya yaudari rikodar ta ɗauka faifai ne, alhali wayarki ce. Kowace mota da irin nata, na Honda ba ya shiga Toyota, saboda haka a tafi da sunan motar da shekararta. Wani mai gyaran rediyon kuma yakan buɗe cikinta ya liƙa igiyar da dalma kai tsaye. In gwani ne abin ya yi kyau, in ɗan koyo ne to an yi asarar rikoda.

Ga inda nake so ki buɗe kunne, musamman in ke ce kika matsa wa Abba ko Yaya da magiya har ya yarda a taɓa masa mota. Tsofaffin Honda da Volkswagen da yawa rikodarsu tana da lambar sirri ta maganin ɓarayi. Da zarar an raba ta da wuta, ko an cire kan batir, sai ta kulle kanta. Honda ta rubuto CODE, Golf ta rubuto SAFE, ba za ta sake cewa uffan ba sai an ba ta lambarta, in kuma aka yi ta canka ba daidai ba sai ta ƙara ƙullewa na wani lokaci. Motocin da suka zo daga Kwatano da yawa ba su zo da katin lambar ba. Don haka kafin mai rewaya ya sa sukundireba, a tambayi mai motar: an taɓa canza batir, rikodar ta ci gaba da aiki? In eh, to da sauƙi. In ba a sani ba, a duba cikin aljihun gaba da littafin motar ko an rubuta lambar. Kada garin neman gira a rasa ido, ki ja wa kanki faɗan da za a shekara ana tuna miki. Kuma kada a yarda ya yanke wayoyin kamfani ya murɗe su da leda, ko ya ɗaure fis da zaren waya, irin wannan ne ke jawo gobara a mota.

Wani lokacin bayan an gama komai sai a ji wani siririn kuka, wiiii, yana hawa yana sauka tare da totur. Ba aljanu ba ne. Yakan faru ne in waya tana caji a jikin motar kuma tana haɗe da igiyar sauti a lokaci guda. A cire cajar a gani, in ya ɗauke to ita ce. Akwai ɗan abin tace sauti da ake sawa a tsakiyar igiyar, masu kayan rediyon mota sun san shi.

To yanzu bari mu zo kan abin da ya sa na ce zancen nan namu ne.

'Yar uwa, lasifika ba ta da kunya kuma ba ta san suruka ba. Muddin wayarki tana haɗe da mota, duk abin da ya shigo cikinta kowa zai ji. A ce kuna cikin ayarin kai amarya daga Kiru zuwa Doguwa, Gwaggo tana gaba, ƙannen babanki biyu suna gefenki, an sa waƙar biki daga wayarki ana ta tafi. Kwatsam waƙa ta tsaya, kira ya shigo, direba da karambani ya danna maɓallin karɓa, sai ga muryar mutumin naki ta cika mota tun daga gaba har but, yana kiranki da sunan nan da ku biyu kaɗai kuka sani. Ina za ki sa kanki? Ƙasa ba za ta tsage ba, kuma saura tafiyar awa guda.

Bluetooth ma ta fi igiya haɗari, don ita ba ta mantuwa. Wayar da aka taɓa haɗawa sau ɗaya, duk sanda aka tayar da motar tana kusa, kamar tazarar mita 10, da kanta za ta koma ta maƙale. Kina ɗaki kin danna saƙon murya a WhatsApp, kin kara a kunne kin ji shiru, kina ta ƙara ƙara kina cewa wayar nan ta lalace, ashe Yaya ne ya tayar da mota a ƙofar gida yana zaune yana sha daga farko har ƙarshe. Haka ita ma MP3 ɗin, tunda watsawa take yi, motar da ta jero da ku a ayari in lambarku ɗaya tana iya tsintar abin da kuke ji. Da kin sauka daga mota ki kashe Bluetooth, in kuwa motar haya ce ko ta wani, ki shiga saitin wayar ki goge sunan na'urar gaba ɗaya.

Ni dai in za a bi ta tawa, budurwa kada ta haɗa wayarta da motar gida sam. Ki sayi ɗan memori ko filash, wanda bai wuce 32GB ba don shi waɗannan na'urori suka fi karɓa, ki kai wa masu turi ko ki zauna da kanki ki zuba abin da kowa zai iya ji: karatu don Abba, waƙoƙin biki don su Anti, littafi mai daɗi don doguwar hanya. Mu marubuta ma muna jin daɗi a ce labarinmu ne ya raka mutane hanya, in dai wanda ya karanta shi ya nemi izininmu. Filash ba ya karɓar kira, ba ya cinye miki caji, kuma ba ruwansa da sabis, wanda dama a tsakiyar Falgore yakan yi ɓatan dabo.

Sannan yana hana direba latse-latse. Dokar hanya ta hana amfani da waya ana tuƙi, jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suna kama mutum a kan haka, kuma hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ga manyan motoci ga shanu masu tsallakawa. In canza waƙa ya kama, wanda ke zaune a gaba ya canza. In kun doshi shingen jami'an tsaro a rage ƙara, in an tsaya salla a kashe, kuma kafin a tashi daga gida a gwada komai motar tana tsaye, lamba ta dace da lamba, sannan a ɗau hanya.